Harbin Hasbiya: Amsa Ga Alhajin Da Ɗansa Ke Neman Kuɗin Bindiga

 

A makon nan na so mu ƙarasa zancen aika kuɗi gida, sai wani saƙo ya shigo mini wanda ya sa na ajiye wancan tukuna. Wani ɗan'uwanmu ne mai sayar da tufafi a Jidda, iyalinsa suna wani ƙauye a Jazira ta ƙasar Sudan. Ya ce ɗansa mai shekara 15 ya hana shi sakat da waya, wai a turo masa kuɗin bindigar iska ya riƙa harbo musu hasbiya da kurciya, tunda nama ya gagari talaka, miya kullum lami. Ya ce da ni: "Malam, na ji ka taɓa cewa ka yi harbi da ƙuruciya. In tura ko kada in tura? In kuma na tura, me zan gaya masa?"

To Alhaji, tambaya biyu ka yi. Zan fara da ta biyun, don sai ka san abin da harbin ya ƙunsa sannan za ka iya yanke hukunci a kan ta farkon.

Saboda masu karatu na Kano da Kumasi da Abijan waɗanda ba su san wurin ba, bari in ɗan yi shimfiɗa. Ni haifaffen wani ƙaramin ƙauyen Hausawa ne tsakanin Sinnar da Wad Madani. Kakana daga Mai Wurno ya taso, garin nan na bakin kogin da muke ce wa Bahar Azrak, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa bayan mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, mutanenmu da yawa, har da masu niyyar Makka da guzuri ya yanke musu, suka shiga aikin auduga da dawa, suka zauna ke nan. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, baƙar laka, ba dutse ba tudu. Ko'ina ka duba magudanan ruwa ne, manya muna ce musu tur'a, ƙananan da ke kai ruwa bakin gona kuma abu ishirin. Gonar manomi ɗaya hawasha sunanta. Inda duk aka haɗa ruwa da tsaba, ai ba sai an gayyaci tsuntsu ba.

Hasbiya ita ce babbar, mai jan da'ira a ido da ɗigo-ɗigon fari a fiffike. Ita ce mai tsoka, guda uku sun ishi tukunyar gida. Sai kurciya iri-iri, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira gumri, sai ɗan bardo mai dogon wutsiya, shi kam bai kai kuɗin harsashi ba. Da kaka, in an yanke dawa an kai masussuka, za ka gan su garke-garke. Da hantsi suna kiwo, da rana tsaka su shige inuwar bagaruwa da aduwa, da la'asar su sauko bakin tur'a shan ruwa.

Wanda ya koya mini harbi kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Yana da tsohuwar bindiga mai baki ɗaya, irin da ake ce wa kartush a can, mai watsa ƙananan ƙwayoyin dalma. Ranar da ya yarda in bi shi, ban yi barcin kirki ba. Da asuba muka fita, sai na ga hannunsa ba komai sai buta da carbi. Na ce, "Kawu, ka manta bindigar." Ya ce, "Ban manta ba, ɗana. Yau kallo muka zo." Kwana uku cur muna zuwa muna zama a gindin kara. Raina ya ɓaci, har na kai ƙara wurin Inna. A rana ta uku ya tambaye ni, daga wace kusurwa suke shigowa, a kan wace bishiya suke fara sauka, ta ina suke fita in an firgita su. Na amsa duka. Ya ce, "To yanzu ka yi rabin harbi."

Gaskiyarsa ce. Hasbiya tana da hanya kamar yadda fatake suke da hanya. In ba a dame ta ba, inda ta bi jiya nan za ta bi yau, kusan a lokaci guda. Maharbin da ke yawo yana bin ta, wahala kawai yake sha. Wanda ya san hanyarta zama yake yi ta zo ta same shi.

Zaman ma da ƙa'idarsa. Ka sa rana a bayanka, don ta haska maka tsuntsun, ita kuma ta kashe masa ido. Ka lura da iska, domin tsuntsu iska yake fuskanta in zai sauka, haka in zai tashi. A daidai lokacin nan gudunsa ke raguwa, ya buɗe fiffike. Ka jingina da dami ko kara a tsaye don kada surarka ta fito fili. Farar jallabiya a bar ta a gida, a sa tufa mai launin ƙasa. Babban abin kuma, kada ka motsa. Idon hasbiya a gefen kai yake, tana ganin kusan ko'ina, kuma motsi take kamawa kafin komai. Ka ɗaga fuska ka leƙa ta tun tana nesa, sai ka ga ta karkace kamar an ja ta da igiya.

Sai maganar ido. Kowane mutum yana da idon da ke jagorantar ɗan'uwansa. Ga yadda Kawu ya gwada ni: ka buɗe ido biyu, ka nuna wani abu mai nisa da yatsa, sannan ka rufe ido ɗaya, ka buɗe, ka rufe ɗayan. Idon da ya bar yatsan a kan abin, shi ne jagora, kuma a kafaɗar wannan gefen ya kamata gindin bindiga ya zauna. Na san mutumin da ya shekara yana zargin bindigarsa da karkata, ashe idonsa na hagu ne jagora, shi kuwa da dama yake harbi. Gindin bindigar ya shige lungun kafaɗa sosai, kunci ya kwanta a kansa. In ka ɗaga kunci don ka ga faɗuwar tsuntsu, harbin sama zai bi.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa. Hausawa sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Kawu yakan yi dariya ya ce wanda ya yi wannan karin maganar bai taɓa harbin hasbiya a sama ba, don a nan harbi a wutsiya shi ne kuskuren. Lissafin a fili yake. Hasbiya in ta miƙe tana iya yin kilomita 60 a awa, wato wajen mita 16 a daƙiƙa ɗaya. Ƙwayar dalma kuwa kafin ta kai mita 30 sai ta ci kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A ɗan wannan lokacin tsuntsun ya yi gaba da mita ɗaya da rabi ko fiye, taku biyu ke nan. In ka saita a jikinta ka ja kunama, iskar da ta bari a baya ka harba.

Yadda ake yi, ka ɗora bakin bindiga daga bayanta, ka bi ta da shi da sauri kaɗan fiye da nata, ka wuce wutsiya, ka wuce ƙirji, ka wuce baki, da ka ga haske tsakaninta da bakin bindigar sai ka ja. Kuma kada hannunka ya tsaya don ka ja kunama. Ka ci gaba da juyawa kamar mai watsa ruwa da buta. Yawancin kuskure daga tsayawar nan yake. Ƙugu ne ke juyawa, hannu riƙo kawai yake yi. Idonka a kan tsuntsun, ba a kan ƙarfen ba. In garke ne ya taso, zaɓi guda ɗaya tak ka manta da sauran. Wanda ya harba tsakiyar garke yana cewa ai dole ya samu, yawanci gashi kawai yake zubarwa, ya bar biyu ko uku su tafi da rauni su mutu a dawa.

Nisa ma haka. Kartush iyakarta a kan hasbiya taku 35 zuwa 40. Bindigar iska, wadda yaronka ke so, ƙwaya ɗaya take fitarwa, don haka ba a harbin tsuntsu da ita yana tashi. Sai ya sauka, tsakaninku bai wuce taku 25 ba, ka sami abin dogara hannu, ka saki rabin numfashi, ka matsa kunama a hankali ba fizga ba, ka nufi kai ko saman ƙirji. In ya faɗi, kada ka ɗauke ido daga wurin sai ka je ka ɗauko, don baƙar lakar nan mai tsagewa da ciyawar bakin ruwa suna haɗiye tsuntsu ka neme shi ka rasa.

Saura darasi ɗaya, wanda shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk inda muka zauna, Kawu yakan karya kara biyu ya kafa a gabana, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya ce tsakanin karan nan ne kawai gonata. Ya riga ya duba, ba hanya a bayan wurin, ba gida, ba dabba. Da tsuntsu ya wuce kara, ya zama ba nawa ba, ko da kuwa ya kusa taɓa mini hula. Kuma ba a harbi ƙasa-ƙasa, sai bakin bindiga ya kalli sarari. Ƙwayar da ba ta iya kashe hasbiya a taku 60 tana iya tafiya fiye da mita 200, ta kuma tsiyaye idon mutum. Kan ruwa ma ba a harbi, don ƙwaya tana tsalle a kansa ta haura wancan gefe.

A kakar 1988, shekarar babbar ambaliya, dawa ta yi kyau, tsuntsu ya yi yawa. Lokacin hannuna ya fara faɗawa, kaina ya fara girma. Wata la'asar Kawu ya koma gefe yana alwala, ya bar ni da bindiga. Hasbiya ta taso daga dama, ƙasa-ƙasa, na bi ta yadda aka koya mini, wutsiya, ƙirji, baki. Na ga karan hagu ya wuce ta gefen idona. Wallahi na gan shi. Zuciyata ta ce saura ƙiris, na ja.

Abin da na fara ji ƙarar kwano ne, sannan ihun yarinya. Ashe bayan karan dawar da ba a yanke ba akwai 'yar siririyar hanya, wata yarinya 'yar shekara tara ta ɗauko wa babanta abinci. Yawancin ƙwayoyin kwanon da ke kanta suka samu. Ɗaya ta shige ta saman gira. Tsakanin wurin da idonta bai kai faɗin yatsa ba.

Kawu bai ce mini uffan ba. Ya saɓa ta a kafaɗa, ya yi ta gudu har bakin titi, aka kai ta asibiti aka cire. Yarinyar ba Bahaushiya ba ce, 'yar masu hawashar da ke maƙwabtaka da mu ce. Kafin magariba labari ya zaga cewa Fallata sun harbi yarinya. Ba a ce wane ɗan wane ba, cewa aka yi Fallata, sunan da ake kiranmu da shi duka. Daren nan ba wanda ya runtsa a ƙauyenmu. Washegari dattawanmu da limami suka ɗunguma zuwa gidan uban, aka zauna sulhu irin na can da ake kira judiya. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, ya ce ƙaddara ce, ya yafe. Duk da haka Kawu ya sayar da awaki biyu ya biya magani, ya kai musu buhun dawa. Da muka dawo gida ya rataye bindigar, ya ce, "Ɗana, harbinka ya yi kyau, hasbiyar ma ta faɗi. Amma wanda bai iya fasa harbi ba, bai iya harbi ba." Shekara guda ban sake taɓa ta ba. Ya mayar da ni kan danƙo kamar ƙaramin yaro.

Mu da muke zaune a ƙasar da kullum ake tuna mana daga inda kakanninmu suka zo, kuskuren ɗayanmu ba ya tsayawa a kansa. Duk wanda ya ga abin da ya faru a yankin Damazin da Rusairis a watan Yulin 2022 ya san yadda wuta ke saurin kamawa, da irin rayukan da aka rasa. Wannan ma yana cikin abin da ke bayan tsuntsu, wanda maharbi zai duba kafin ya ja kunama.

Uwargida, ke ma ga naki, tunda tsuntsun hannunki zai ƙare. In an fige, a bi tsokar da yatsa a cire duk ƙwayar dalma, a yanke naman da ke kewaye da raunin a zubar. Dalma guba ce, ta fi yi wa yara da masu ciki illa. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara. Kada kuma yaro ya riƙa ajiye ƙwayar bindigar iska a baki, yadda na ga wasu suna yi. Tsuntsun da aka tsinta yana layi ko ya kasa tashi ba tare da rauni ba, kada a ci. A Jazira ana feshin auduga, ana kuma sa wa iri magani kafin shuka. A tsaga jakar wuyansa inda yake tara tsaba, in an ga iri mai launin ja ko kore, a binne shi duka.

Ta fuskar addini, abin da muka karanta a Risala da sauran littattafan Malikiyya shi ne, a yi bisimilla lokacin sakin harbi, in an tarar da tsuntsu da rai a yanka shi. Wanda aka buge da ƙwallon laka ko dutse ya mutu kafin a kai gare shi, mushe ne, don duka ne ya kashe shi, ba huda ba. Shi ya sa mai danƙo ba ya rabuwa da 'yar wuƙa a aljihu, kuma da gudu yake zuwa. Harsashin dalma kuwa, malamai na baya da yawa sun halatta abin da ya kashe in an ambaci sunan Allah. Farauta don wasa kawai makaruhi ce. Kawu in ya sami biyar ko shida sai ya naɗe tabarmarsa, ko da sama ta yi baƙi da tsuntsu. In ya ga hasbiya da tsinke a baki ba ya taɓa ta, sheƙa take yi. Ƙwai biyu take sakawa, uwa da uba suna karɓa-karɓar kwanci, su biyun kuma suke ciyar da 'ya'ya. Ka kashe ɗaya, ka kashe gida. Akwai ma wata kurciya mai zanen baƙi da fari a gefen wuya da ke zuwa mana da kaka ta koma kafin zafi ya tsananta. Sai da na girma na san daga Turai take ketaro Sahara, kuma ta ragu ƙwarai, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ake jin tsoron ƙarewarsu. Baƙuwa ce mai neman abinci kamar ni da kai, a bar ta ta wuce.

To Alhaji, mu dawo kan tambayarka ta farko. Shawarata, kada ka tura kuɗin bindiga yanzu. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, Jazira ba ta koma yadda muka san ta ba. Madani ta faɗi a Disambar 2023, soja suka karɓe ta a Janairun 2025, amma har yau makamai sun yi yawa a hannun mutane, shingaye suna kan hanya, zukata ba su kwanta ba. Daga nesa ba mai bambance bindigar iska da ta yaƙi, kuma wanda ya tsorata ba ya tsayawa tambaya. Saurayi ɗan shekara 15 da abu mai kama da bindiga a bakin tur'a da magariba, ni dai ba zan so ya zama ɗana ba. Ga kuma kai kana Jidda, ba ka nan balle ka kafa masa kara biyu.

Amma kada ka kashe masa zuciya. Yaron da ya dubi tukunyar uwarsa ya ce zai nemo nama, ɗa ne na gari, ka gaya masa haka da bakinka. Ka ce ya nemi gwafar aduwa ko ta magarya mai kyau da roba mai ƙarfi ya ɗaura danƙo, wanda ake ce wa nibla a can. Ya mulmula lakar bakin ruwa daidai girman ƙwallon magarya manya, duka girma ɗaya, ya shanya su bushe. Ya kafa gwangwani a taku 10, sai ya iya samunsa sau bakwai cikin goma sannan ya nufi tsuntsu. Zama da rana a baya, lura da iska, rashin motsi, duba abin da ke bayan tsuntsu, duk darasi ɗaya ne da na bindiga. Ka ja masa kunne kada ya yi nisa da gari, kada ya fita shi kaɗai, kuma duk wani ƙarfe da ya gani a gona wanda bai san shi ba, kada ya taɓa, ya je ya gaya wa manya. Yaƙi yana barin abin da bai fashe ba.

Kuɗin bindigar kuwa, ka tura wa mahaifiyarsa ta saya masa tattabaru, ko aure huɗu ne, ya gina musu ɗaki da laka. Tattabara ba ta buƙatar lasisi, ba ta jawo ido a shinge, 'yan shila kuma wata guda sun isa yanka. In ya kula da su, kafin shekara miya ta canza, har ya kai kasuwa.

In Allah ya kawo zaman lafiya ka koma gida, ka nemi izinin hukuma yadda doka ta tanada, ka sayi bindigar da hannunka, ka ajiye ta a ɗakinka, harsashi a wani wuri dabam. Ka fita da shi kwana uku ba tare da ita ba. Ranar da ka ga tsuntsu ya wuce kara, yaron ya sauke bindiga da kansa ba ka ce masa komai ba, to ranar ka iya juya baya ka yi alwalarka.

Yarinyar nan tana nan da rai, har ta yi jikoki. Zuwana na ƙarshe kafin yaƙi na je na gaishe ta, ta kawo mini shayi, tabon yana nan a saman girarta. Ta yi ta tsokanata tana cewa maharbi ya zo. Ita dariya take yi, ni kuwa shayin da ƙyar ya wuce.

Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya tsare mana zuri'a. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan zancen aika kuɗi. Mai tambaya ko gyara, ƙofa a buɗe take. Wassalam.